Inda Bututu Ke Haɗuwa da Uwar Bindiga

Daga tashar jirgin ƙasa ta New Street zuwa tsohuwar unguwar maƙeran bindiga ta Birmingham babu nisa, ƙafa ma ta isa, amma baƙo zai iya ratsa unguwar ya fita bai san ya shiga ba. Ni da ɗan ƙanwata, wanda yake karatun injiniya a garin, muka bi ta Colmore Row, muka wuce tashar Snow Hill, sai ga wani ƙaton titi ya tare mu, motoci suna ta kwarara a kansa ba ƙaƙƙautawa. Wannan titi, da aka shimfiɗa a shekarun 1960, shi ya tsaga unguwar gida biyu, ya haɗiye shaguna masu ɗimbin yawa. A gefensa cocin St Chad take tsaye da jan bulonta tun 1841, a bayanta kuma sai abin da ya rage: Shadwell Street, Bath Street, Price Street da Loveday Street. Gajerun benaye ne na bulo da hayaƙi ya dafa, tagoginsu faffaɗa, domin an gina su ne a zamanin da hasken rana ne fitilar mai aikin magagari. Ana ta yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa mutum farat ɗaya sai dai ya bi shi a hankali har ƙashi.

Sana'ar ta kafu a nan tun ƙarshen ƙarni na 17, lokacin da gwamnatin Sarki William na Uku ta ba maƙeran garin kwangilar bindigogi 200 a kowane wata. Ba masana'anta guda ba ce a ƙarƙashin rufi ɗaya. Mai bututu daban, mai kunama da makullinta daban, mai katako daban, mai zane daban, mai haɗawa daban, yara kuma suna zirga-zirga a lunguna da ƙarafa a kafaɗa daga wannan shago zuwa wancan. Da yawa daga cikin makullan ma daga garuruwan maƙwabta ake kawo su, irin su Wednesbury da Darlaston.

Ba zan iya taka waɗannan lunguna ba tare da tuna inda kayansu suka riƙa zuwa ba. A Steelhouse Lane, nan kusa, gidan Galton ya taɓa zama, ɗaya daga cikin manyan masu sayar wa fataken bayi bindiga a ƙarni na 18. Samuel Galton ƙarami ɗan ɗariƙar Quaker ne, masu ƙyamar yaƙi, kuma a 1795 'yan'uwansa suka tuhume shi a kan wannan ciniki, ya kare kansa a rubuce, ya ƙi bari, suka yanke shi daga cikinsu a shekarar da ta biyo. Masanin tarihi Joseph Inikori, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 bindigogin da ake shigarwa Afirka ta Yamma sun kai wajen 300,000 zuwa 400,000 a shekara. Yawancinsu na araha ne. Fallen ƙarfe ake naɗewa a jikin sanda a dake bakinsa da wuta har ya haɗe, a murɗa masa toshiya a gindi, a ɗaure shi a katako, shi ke nan ta zama bindiga. In haɗin bai kamu ba, a hannun mai harbi ake ganewa, can a wata nahiya, inda ba mai dawowa da ƙorafi. Irin zubinsu ne maƙeranmu suka ɗauka har ya zama bindigar tokar da maharba ke ratayawa, da wadda 'yan bindigar sarki ke ɓarin wuta da ita ranar hawan sallah.

Shagon maƙerin bindigar da muka nufa yana saman bene, ƙofarsa ta ƙarfe, da ƙararrawa da kyamara. Ɗan ƙanwar tawa ya riga ya nemi izini ta waya, domin a Ingila mai wannan sana'a sai da rajistar 'yan sanda, kuma duk bindigar da ta shigo ko ta fita sai an rubuta ta a littafi. Wani dattijo ne ya buɗe mana, sanye da rigar aiki da mai ya rine. Ɗakin yana warin kananzir da man inji. Magagarai sun jeru a bango, manya da ƙanana, ƙotocinsu sun yi santsi don riƙo, injin sassaƙar ƙarfe kuma yana can ƙuryar ɗaki.

Aikin da muka tarar a kan teburinsa bindigar farautar barewa ce, a wargaje. Mai ita ya yi ta harbi da ita shekara da shekaru har layukan nan da suka murɗe a cikin bututu, masu sa harsashi ya fita yana juyawa, suka cinye daga gindi. Za a sa mata sabon bututu. Uwarta kuwa ƙirar Mauser ce ta 1898, wadda Paul Mauser ya fitar a Oberndorf ta Jamus, kuma har gobe maƙeran bindigar farauta ba su daina gina aikinsu a kanta ba.

In aka cire katako, bindiga irin wannan manyan ƙarafa biyu ce. Akwai bututu, wanda aka rarake wa makwancin harsashi a gindinsa. Akwai uwar bindiga, wato gidan ƙarfen da sakata ke kai da komo a cikinsa, ta tura harsashi makwancinsa, ta kulle a bayansa. Kunama da gidan harsasai duk a jikin uwar suke. Idan albarushi ya kama, ƙarfin da ke tasowa a cikin makwancin nan yakan kai kusan tan 4 a kan kowane murabba'in santimita, kafin ƙiftawar ido. Wannan ƙarfi neman gaba yake da harsashi, amma yana kuma tura sakata baya, yana neman raba bututu da uwarsa. Fuskar maharbi kuwa tana nan bayan sakatar, kumatunsa a kan katako. Shi ya sa dattijon, da ya ɗaga ƙarafan biyu ya haɗa bakinsu, ya ce duk abin da ya koya a rayuwarsa a wannan ɗan tsakanin yake.

An yanka wa gindin bututun tiredi irin na noti, an yi wa bakin uwar makamancinsa daga ciki. Mai kallo zai ce tiredin ne komai. Dattijon ya ce tiredi ja kawai yake yi, abin da ke tsayar da bututu ya miƙe sak shi ne kafaɗa, wato dandamalin da aka sassaƙa a ƙarshen tiredin, inda bututu ke zuwa ya dafa jikin uwar ya tsaya. Ya sa ni na zura yatsa a bakin uwar, na ji wani zobe a ciki. Wannan zobe na Mauser ne, a kansa gindin bututu ke zama, ya kewaye gindin harsashi da ƙarfe.

Daga nan ya jawo wata 'yar fitilar kananzir marar gilashi, sai ka ce aci-bal-bal ɗin masu tsire, ya kunna, ya riƙa juya gindin bututun a kan harshen wutar har ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Ya murɗa shi cikin uwar da hannu kawai, a hankali, har ya tsaya, sannan ya warware ya kai shi bakin taga. Baƙin ya goge a gefe guda, ya bar wani siririn haske mai lanƙwasa, ɗaya gefen kuwa yana nan da hayaƙinsa ba abin da ya taɓa shi. Ma'ana ƙarfe ya dafa ƙarfe a ɓangare ɗaya, ɗaya ɓangaren yana lilo, da tazarar da ido ba ya gani.

Ya ce da zai ɗaure shi a haka da ƙarfin tsiya, zai ɗauru, mai bindiga ya biya ya tafi yana godiya. Amma bututun zai zauna a takure. Harbin farko ya faɗa nan, na uku, da ƙarfe ya ɗumama, ya faɗa can. Karkata kaɗai ba ita ce masifa ba, domin ana iya bin ta da saiti a gyara. Abin da ba ya gyaruwa shi ne bututun da ba ya komawa mazauni ɗaya bayan kowane harbi. A wajen maharbin barewa, wannan shi ne bambancin dabbar da ta faɗi nan take da wadda ta gudu cikin daji da harsashi a ciki tana wahala. Na ji daɗin yadda ya kawo maganar dabbar da kansa, ba wanda ya tambaye shi. Ya koma ya gyara mazaunin, ya sake shafa hayaƙi, ya sake murɗawa, ya sake kaiwa taga, ya yi ta maimaitawa har hasken ya zagaye ya zama cikakken zobe. Bai yi gaggawa ba, bai kuma yi mana hira ba sai da ya gama.

Don ya nuna mana saura, sai ya buɗe akwatin ƙarfe ya ɗauko wata bindiga da na sani tun ina yaro: Lee-Enfield mai lamba 4, wadda 'yan sandanmu suka daɗe suna saɓawa, mutane suna ce mata mak-fo. Danginta ne sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 suka riƙe a dazukan Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ita wannan tana da wata matsala da Mauser ɗin ba ta da ita. A gindin bututunta akwai tsagi inda ƙugiyar da ke fizgo kwanson harsashi take shiga, a bakinsa kuma akwai ƙahon saiti. Dole ne bututun ya ɗauru tam a daidai lokacin da ƙahon ya tsaya tsaye cak, tsagin kuma ya fuskanci ƙugiya. In ya ɗauru kafin ya kai, a rage kafaɗa kaɗan. In ya zarce, ba a ja da baya a bar shi sako-sako, sai dai a nemi wani bututun ko a sake aikin. Bindigar da ƙahonta ya kwanta gefe, ko da ɗan kaɗan ne, tana sa mai ita ya riƙa karkatar da ita bai sani ba, harbinsa na nesa ya riƙa zamewa.

Sai kuma abin da ya fi kowanne haɗari, wato tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da inda harsashi ke tokarewa. Ya fito da wasu 'yan ƙarafa biyu masu kama da gindin harsashi. Na farko kaurinsa inci 0.064, dole sakata ta rufe a kansa salin alin. Na biyu inci 0.074, dole ta ƙi rufewa. Abin da ke tsakaninsu kwatan milimita ne, bai kai kaurin farce ba. In tazarar ta yi kaɗan, sakata ba za ta kulle a kan harsashi ba sai an tilasta mata. In ta yi yawa, kwanson tagullar zai miƙe fiye da ƙarfinsa ya tsage, iskar wuta ta dawo baya ta nufi idon mai harbi. Ya ba ni na gwada. Da yatsa ɗaya ya ce in tura hannun sakatar, kada in danna. A kan na farkon ta sauka kamar ba komai. A kan na biyun ta zo ta cije, ta tsaya a hanya. Ya ce mai ƙarfin hannu zai iya danne ta ta rufe, ya yaudari kansa, shi ya sa aikin na yatsa ne ba na damtse ba. Masu ƙirar wannan bindiga sun yi dabarar yaƙi: kan sakatarta ana kwance shi, kuma an yi shi iri huɗu, daga lamba 0 zuwa 3, kowane ya ɗara na bayansa tsawo kaɗan. In bindiga ta saki a fagen fama, mai gyara ya canja mata kai, ba sai an taɓa bututu ba.

Yaron ya matso kusa da ni ya ce, "Kawu, wannan fa duk injin da kwamfuta ke sarrafawa zai yi shi cikin 'yan mintoci." Na ce ya faɗa wa mai shagon mana. Dattijon bai musa ba. Ya ce in bindiga dubu za a yi iri ɗaya, inji ya fi shi nesa ba kusa ba, amma uwar Mauser ɗin nan ta girmi uban yaron a aiki, an yi ta gyara ta a hannuwa daban-daban, babu wani zane da ya san yadda take a yau sai an auna ta ita kaɗai. Ina ganin dukansu biyu suna da gaskiya, kuma ba na cikin masu raina aikin inji don a yabi na hannu. Kamfanin Savage na Amurka, a bindigarsa mai lamba 110 ta 1958, ya sa wani noti a jikin bututu wanda shi ke tsayawa a madadin kafaɗa, aka rage tsada ba a rage inganci ba. A Tarayyar Sobiyet kuma, AKM ta 1959 ba ta ma da tiredi a nan, danna bututun ake yi da inji a soke shi da ƙusa ta gicciye. Hanyoyi ne daban-daban, amma abin da ake nema ɗaya ne: bututu ya miƙe, ya zauna, tazara kuma ta yi daidai.

Kafin mu fita ya nuna mana wata bindiga mai baki biyu ta harbin manyan namun daji, irin da Birmingham ta yi suna da ita, musamman tun da William Anson da John Deeley na kamfanin Westley Richards suka fitar da ƙirarsu a 1875. A nan wahala biyu ce. Da hayaƙi ake zaunar da bututun a jikin uwa har haske ba ya ratsawa, sannan a yi ta fama da bututun biyu, a harba, a narka dalmar da ta haɗa su, a gusa, a sake harbawa, har na dama da na hagu su yarda su faɗa wuri ɗaya.

Azahar ta same mu a Small Heath. Muka yi salla a masallacin Green Lane, wanda da ɗakin karatu ne da gidan wanka na jama'a, muka ci shinkafa da nama a Coventry Road, inda ba ka rasa mai amsa maka sallama. Nan kusa Armoury Road take, inda masana'antar BSA ta zauna. Maƙeran unguwar da muka baro ne suka haɗa kuɗi suka kafa ta a 1861, da suka ga aikin inji zai ƙwace musu kwangilar soja. Jiragen Jamus sun yi mata ruwan bama-bamai a watan Nuwamba na 1940, mutane fiye da 50 suka rasu. Yanzu ɗan abin da ya rage na ginin ne kawai ake gani.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Gidan Gwaji da ke Banbury Street, a Digbeth, matse tsakanin mashigin ruwa da gadar jirgin ƙasa. Ba a shiga sai da alkawari, cikin ayari. Dokar majalisa ce ta kafa shi a 1813, kuma maƙeran garin ne da kansu suka nemi a kafa shi, domin sunansu ya fara ɓaci. A saman ƙofarsa an sassaƙa tarin makamai da tutoci, an rubuta cewa don tsaron lafiyar jama'a aka gina shi. Landan tana da nata tun 1637. Dokar 1868, wadda har yau ake aiki da ita tare da gyare-gyare, ta haramta sayar da bindigar da ba ta ɗauke da hatimin gwaji. Wadda aka sauya wa bututu ma, kamar ta dattijonmu, sai ta sake zuwa, domin haɗin sabo ne.

A da, jera bututu ake yi a ƙasan wani ɗaki mai kaurin bango, bakinsu na fuskantar tudun yashi, a zuba layin albarushi ya bi gindinsu, a rufe ƙofa, a kunna daga waje, su tashi gaba ɗaya. Yanzu ɗaya bayan ɗaya ake yi. A duba bindiga, a auna makwanci da tazarar sakata, a ɗaure ta a cikin ɗaki, a harba ta daga nesa da harsashin da aka ƙara wa ƙarfi da gangan, kashi 25 cikin 100 sama da na kullum ga irin wannan bindiga, bisa ƙa'idar hukumar ƙasa da ƙasa da aka kafa a 1914. Sannan a sake dubawa, a sake aunawa. In bututu ya kumbura, ko tazara ta buɗe, ko wani wuri ya tsage, ba hatimi. Amurka, duk yawan bindigoginta, ba ta da irin wannan tilas, kamfanoni ne ke gwada kayansu.

An nuna mana waɗanda suka fashe, wasu a wajen gwaji, wasu a hannun masu su. Wani bututun ya dare tsaga-tsaga ya lanƙwashe waje, wani gindinsa ne ya tashi gaba ɗaya. Na daɗe a gabansu, domin na san irin hannun da wannan ke bari. Na tashi a gari mai maharba, na gaisa da dattawan da ke miƙo hannu babu babban yatsa, na san wanda ido ɗaya ya tafi. Ba rashin gwaninta ne ya jawo ba. Maƙerinmu da ke fitar da garma da tarko da wuƙa daga tsohon ƙarfen mota, da zuga-zugi da masaba kawai, ba a gaya masa aikin hannu. Na taɓa ganin wani ya ɗaure sabuwar bindigar toka a jikin itace ya ja kunamarta da igiya daga bayan katanga, wato shi ma ya san ya kamata a gwada. Abin da babu shi ne wani na uku, wanda ba shi ya ƙera ba, ba shi zai saya ba, mai ma'auni da ikon ya ce wannan ba za ta fita ba. Ba ina kiran a ƙara yawan bindiga a ƙasarmu ba ne, wadda ke akwai ma ta sha mana jini ya isa. Amma maharba suna nan, 'yan bindigar fada suna nan, suna cusa albarushi a bututun da ba wanda ya taɓa auna kaurinsa, a tsakiyar taron sallah, yara na kewaye da su. Wannan yana damuna ƙwarai, kuma ina ganin masarautu da ƙungiyoyin maharba, waɗanda suka san kowane mai riƙe da ita da sunansa, su ne mafi kusa da iya fara dubawa.

Bayan na dawo gida yaron ya aiko mini da saƙo. Ya sake leƙa shagon, ya tarar an kai bindigar barewar nan Banbury Street fara fat, ba a baƙanta ƙarfenta ba tukuna, domin ba a ɓata kuɗin ado a kan abin da bai ci gwaji ba. Ta ci. An buga mata kambi da haruffan BNP da girman harsashinta a gindin bututu. Daga nan an kai ta wajen mai baƙanta ƙarfe, sai mai katako ya sake zaunar da ita a mazauninta, domin sabon bututun ya ɗan fi tsohon kauri, sannan dattijon ya fita da ita filin harbi ya daidaita mata saiti kafin mai ita ya zo karɓa.